RA'AYINMU: A fara da malami kafin a miƙa wa yaro kwamfuta

A shekarar 2007 aka raba wa ɗaliban makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child. An yi ta ɗoki, amma shirin bai yaɗu a ƙasar nan ba. A ƙasar Peru kuwa, inda aka raba dubban ɗaruruwan irin waɗannan kwamfutoci, binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa ba su ƙara wa yara komai a lissafi da harshe ba. Ita ma Suwidin, wadda ta yi nisa wajen shigar da na'urori azuzuwa, ta juya akala a 2023 zuwa littafin takarda da rubutun hannu.

Wannan ishara ce ga gwamnonin da ke gaggawar sayo na'urori. Yaron aji ɗaya zuwa uku fensir yake buƙata, da littafi, da malamin da zai kama hannunsa har ya iya haɗa baƙi da wasali. Na'ura ba ta yin wannan aiki, balle a ajin da ba wuta, ba benci.

Jihar Edo ta bi wata hanya a 2018: malamai ta bai wa na'urorin, ɗauke da darussa, tare da horo da sa ido. Wannan jarida na ganin nan ya dace hukumar UBEC da jihohi su zuba kuɗi. Ma'aunin nasara guda ne: yara nawa suka iya karatu a ƙarshen aji uku?