Shin Tuba Tana Wajabta Komawa Ɗakin Tiyata?

 

Ya 'yan uwa masu karatu, uwargidan wani aminina da ke zaune a Ingila ce ta aiko mini da tambaya game da wata ƙawarta Baturiya da Allah Ya shiryar zuwa Musulunci. Tun tana budurwa, kafin ta san alƙibla, ta je an yi mata tiyata an sanya mata jakar silikon a mama domin ƙarin girma. Yanzu wasu mata a masallacinsu sun ce mata sallarta ba ta karɓuwa sai an fiɗe ta an ciro abin. Hankalin baiwar Allah ya tashi matuƙa. Ni ba mufti ba ne, ɗalibi ne, amma zan faɗi abin da na fahimta, domin maganar da aka gaya mata ta yi nauyin da bai kamata a yi shiru a kanta ba.

Asalin aikin ba a nan gardamar take ba. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta ambaci canza halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ya yi alwashin umartar mutane da su. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ƙissar Arfajatu bin As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab, ya sanya na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sanya na zinariya. Tsakanin waɗannan nassoshi Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta bi a zamanta na Putrajaya, ƙasar Malesiya, a 2007, inda ta halatta tiyatar gusar da aibi, har da sake gina maman da aka yanke saboda ciwo irin sankara, ta kuma hana tiyatar canza lafiyayyar sura don bin son zuciya. Saboda haka wadda aka yi wa dashe bayan sankara ba ta cikin wannan zance ko kaɗan.

Tambayarmu ita ce: wanda aka riga aka sanya, dole ne a cire? Magabata ba su san silikon ba, tunda sai 1962 aka fara dasa shi a birnin Houston na Amurka, amma sun san makamancinsa. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya tattauna zanen da ake yi wa fata da allura a cusa tozali. Ya nuna cewa idan zai gushe da magani to gusar da shi wajibi ne, idan kuwa sai an yanka, kuma ana tsoron halaka ko lalacewar gaɓa ko mummunan tabo a inda ake gani, wajibcin ya faɗi, tuba ta wadatar. A lura, ya tsananta ne domin a mazhabarsa wurin zanen ya najastu da jinin da ya daskare. Silikon kuwa ba najasa ba ne, kuma yana can ƙarƙashin fata, bai hana ruwan wanka taɓa inda ake so ya taɓa. To daga ina aka samo ɓacin salla? Balle wadda ta yi abin kafin ta musulunta, alhali hadisin Amru bin Asi ya tabbatar cewa Musulunci na rushe abin da ya gabace shi.

Cirewar kuma ba kamar zare zobe daga yatsa ba ce. Jiki yakan saƙa wa baƙon abu wani tantani ya kewaye shi, wani lokaci ya manne da haƙarƙari, sai likita ya ɓanɓare shi. Ga allurar barci da haɗarinta, ga zubar jini, ga yiwuwar wurin ya harbu, ga fatar da ta miƙe shekara da shekaru wadda ba lallai ta koma yadda take ba. Malaman ƙa'ida sun ce ba a kawar da cuta da cuta irinta. Ra'ayina ke nan: tuba kaɗai ba ta wajabta wa mace mai lafiya ta sake kwanciya a ƙarƙashin wuƙa.

Sai dai kada a ɗauki wannan a matsayin izinin mantawa da abin, domin akwai inda hukuncin ke juyawa gaba ɗaya. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu wanda ba a amince a sa a jikin mutum ba. A ƙarshen 2011 gwamnatin Faransa ta shawarci mata wajen 30,000 da a cire musu, a 2013 kuma kotu ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara huɗu. A 2019 kamfanin Allergan ya janye samfurinsa mai kaushin baya, Biocell, daga kasuwannin duniya saboda alaƙarsa da wata sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki da ke tsira a tantanin nan, duk da cewa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta ce marasa alamar ciwo su ruga a cire ba. Hukumar ta sha nanata cewa wannan dashe ba na har abada ba ne, kuma na silikon yana iya fashewa mace ba ta ji komai ba, shi ya sa ta ba da shawarar a yi hoton ciki bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk shekara 2 zuwa 3. Idan ya fashe, ko ya taurare yana zogi, ko kumburi ya bayyana, kuma amintaccen likita ya ce a cire, to a ganina jinkirin ne ya zama laifi, domin jiki amana ne.

Inda na fi jin nauyin magana shi ne ranar da hakan ta faru, don likita zai tambaye ta ko a sanya sabo. A nan tubar take samun jarrabawarta, saboda sabon dashe don girma sabon aiki ne da aka yi da sani. Amma in cirewar ta bar naƙasa ta zahiri, ɗinke wurin a daidaita shi ya fi kusa da hancin Arfajatu. Wannan gaɓar ta cancanci ta zauna da malami masani, da rahoton likita a hannunta.

Na ce wa uwargidan aminina ta shaida wa ƙawarta ta ci gaba da sallarta, ta nemo takardar da aka ba ta ranar tiyata don a san sunan kamfani da samfurin, sannan ta nemi ganin likita mace a duba ta. Allah ne Mafi sani.