Laifin Waya Ne, Ko Na Mai Riƙe Da Ita?

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, domin raba ɓarayin Dajin Rugu da masu kai musu rahoto.

Ina gida a lokacin. Samari suka yi jugum a majalisa kamar masu zaman makoki. Na miƙa wa ɗayansu Arba'una Hadisi ta Imam Nawawi, bai kai shafi biyu ba ya ajiye. Hannu ya saba da shafar waya, zuciya ta manta haƙurin karatu. Ni kaina, in faɗi gaskiya, sai a lokacin na koma bitar haddar da na yi wa sakaci tun barina jami'a.

Wasu suka ce ai wayar ce shaiɗaniya, kayan Nasara. Wannan hujjar raggo ce! Da ita ake sanar da ƙauye cewa an hango baburan mahara. Mai laifi shi ne wanda ke tura labarin hari bai tantance ba, alhali aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurci bincike, har mata su kwashi 'ya'ya su kwana a gona saboda ƙarya.

An maido da layi daga baya. Littafin kuwa yana nan wurina, saurayin bai sake tambayarsa ba.