Babur ɗin ƙanƙara: a bar mai shi ya iya gyara abinsa

A yankin Nunavut da ke arewacin Kanada babu titin mota da ya haɗa garuruwa, kuma sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Babur ɗin ƙanƙara, irin su Ski-Doo da Polaris, shi ne ƙafar mafarauci. Idan inji ya mutu nesa da gida, maganar rai ake yi.

Tsofaffin injuna masu kabureta suna shan mai, suna hayaƙi, fulogi na yawan yin datti. Amma da sifana da fulogi da bel na ajiya, mutum zai tayar da abinsa. Sababbin kuwa kwamfuta ce ke auna musu mai. Sun fi tsimi, sun fi saurin tashi. Sai dai idan sensa ɗaya ta lalace, sau da yawa dillali mai manhajar kamfani ne kaɗai zai gano ciwon.

Sana'ata rubuta manhaja, don haka ban ƙi kwamfuta ba. Abin da na ƙi shi ne kulle ta. Kamfanoni su saki manhajar gano matsala ga masu babur da ƙananan makanikai, tunda dillali ba ya bin mafarauci daji.