Killace Mai Korona a Gidan Yawa

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan killace mai korona a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ware masa ɗaki mai iska, mutum ɗaya ya yi jinyarsa, a sa takunkumi, a ba da tazarar mita ɗaya aƙalla. To, wanda ke gidan haya, ɗaki ɗaya da iyalinsa, banɗaki na kowa, ina zai sami wannan ɗakin?

Ko da haka, akwai abin yi. A buɗe tagogi, a ware masa kwano da kofi da buta, tsofaffi da masu ciwon suga su nisance shi, dubiya kuma a yi ta waya. Maƙwabta su taimaka da cefane, domin mai neman na yau ba zai zauna gida da yunwa ba.

Naka,
Mai karatu daga Kano