Wane Lungu Ne Ake Kira "Dak Web"?

 Kalmar nan "dak web", watau lungun duhu na intanet, ta shiga bakin mutane, har wata uwa takan ƙwace wayar 'yarta don kawai ta ga an kulle ta da lambar sirri. To, bari mu rarrabe tukuna.

Ki ɗauki intanet kamar gida. Akwai zaure, inda Google ke kai kowa. Akwai ƙuryar ɗaki, wadda sai da mabuɗi: asusunki na banki, wasiƙunki na imel, sakamakon jarrabawar 'yarki. Ƙuryar nan ita ta fi girma nesa ba kusa ba, kuma ba ita ce dak web ba. Haka ma rukunin WhatsApp na matan unguwa, kome gulmar da ake sha a ciki.

Dak web ɗan lungu ne da ba ya shiguwa sai da manhaja ta musamman, kamar Tor. Masanan rundunar sojan ruwan Amurka suka ƙago dabarar a shekarun 1990. Ana naɗe saƙo ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, ya ratsa kwamfutoci aƙalla uku, kowace ta ɓare ɗaya, ba wadda ta san mai aikowa da mai karɓa gaba ɗaya.

Ba miyagu kaɗai ke can ba. Facebook ya buɗe ƙofa a 2014, BBC ma a 2019, domin mutanen ƙasashen da ake toshe labarai. Amma lalle ɓarnar tana da yawa. Kasuwar Silk Road ta soma sayar da miyagun ƙwayoyi a 2011, 'yan sandan FBI suka rufe ta a 2013, aka yanke wa mai ita, Ross Ulbricht, ɗaurin rai da rai a 2015, Shugaba Trump ya yi masa afuwa a 2025. Tun da aka rufe ta wasu suka maye gurbi.

A ganina tsoron namu ya ɓata hanya. Mai yaudarar 'yan makaranta ba ya bukatar Tor, a Instagram ko TikTok yake samunsu, a zaure ke nan. Abin da ke haɗa ki da lungun duhu shi ne bayanan sata, domin a can ake sayar da sunaye da lambobin waya da na katin banki. Wanda ya buga miki waya yana ambaton cikakken sunanki da bankinki, mai yiwuwa saye ya yi. Abin da ya rage masa kurum shi ne 'yar lambar nan da banki ke aiko miki ta waya, ita yake lallashinki ki karanto masa.