Kofin Hutu Ba Ya Raina Ɗan Ƙwallo

Duk lokacin dogon hutu sai wani mai hali ya sa kofi a Adjamé ko Treichville, a ce na yara ne 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Ranar buɗewa sai ka ga ƙato da gemu yana kirɓar ɗan wani, a zura masa tara da nema, a tafa, a watse. Wannan zalunci ne, kuma mu manyan unguwa mu ke ɗaure masa gindi.

Laifin farko na tsarin ne. Gasar sili-ɗaya-ƙwale ce: yaron da aka fitar a wasan farko sai baɗi. Kocin da ya san kuskure ɗaya zai kore shi, me zai hana shi ɗauko haya daga Abobo?

Wanda ke ganin ƙaryar shekaru dabara ce, ya tuna 2016. Na'urar da ke hoton ƙashin wuyan hannu, wadda FIFA ta fara aiki da ita a 2009, ta zubar da 'yan wasan Nijeriya 26 na ƙasa da shekara 17, Nijar kuma ta yi waje da ragowar. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga kuma darasi a nan Abijan. Makarantar ƙwallo ta ASEC Mimosas, wadda Jean-Marc Guillou ya jagoranta, ta yi shekaru tana rainon yara tsara da tsara. A 1999 matasanta, cikinsu har da Kolo Touré da Didier Zokora, suka doke Espérance ta Tunisiya da ci 3 da 1. Haƙuri ne ya haifi wannan.

Don haka a mayar da kofunan nan lig na maki, gida da waje, wasa kowane mako. A raba rukuni uku: ƙasa da 13, 15 da 17. Kowane rukuni ya zama hawa biyu, mai ƙarfi ya hau, mai rauni ya sauka ya kara da daidai shi. Kowane yaro ya yi rajista da ƙungiya ɗaya, da hoto da takardar haihuwa.

Za a ce yaranmu da yawa ba su da takardar. To kuɗin rago da makaɗan ranar ƙarshe a kai su kotu a yi musu ita. Gobe ma za ta yi musu rana a makaranta.

Alhaji, in don yara ka sa kofin, ka bar yara su buga.