Daga Bakin Rumfa: Kwandon Da Ake Takawa Da Ƙafa

 

Makon nan maganar kwandon shara na kawo muku. Na san wani zai yi dariya ya ce Malam ya rasa abin rubutawa. To a bari in gama, domin a kan wannan kwandon 'yata ta kwana da yunwa, ni kuma na sha kunyar da na daɗe ban sha irinta ba.

Gidan da muke haya a Nima iyali shida ne a ciki, ban ɗaki biyu. Watannin baya masai ɗaya ya toshe, irin na zamani mai ruwa, karo na uku ke nan cikin wata huɗu. Mai gidan ya zo da mai gyaran famfo. Mutumin ya buɗe bututu a tsakar gida, ya zura ƙarfe, ya fara jawo abin da ke ciki: audugar mata, famfas ɗin yara, tsummoki. Ya tara su nan a gaban kowa. Mai gidan ya ce duk wanda ke da mace a ɗakinsa sai ya biya. Nan take matan gida suka shiga nuna wa juna yatsa, har wata ta ɗaga murya ta ce ai kowa ya san ɗakin da aka yi sabuwar budurwa. 'Yata, mai shekara 13, tana tsugune tana wanke-wanke. Ta ajiye kwano ta shige ɗaki. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Da dare, raina a ɓace, na ce wa uwarta ta ja mata kunne. Ta dube ni ta ce, "Malam, kafin in ja mata kunne, gaya min ina kake so ta kai? Ban ɗaki babu kwando. Durom ɗin shara yana ƙofar gida, dab da bencin da kai da abokanka kuke shan shayi. Murfi babu. Abin da aka jefa da dare, da safe kaji da karnuka sun baje shi a titi. Yarinya za ta ratsa maza da abu a hannu?" Na yi shiru. Sai ta ƙara da wadda ta fi zafi: "Shekara ashirin da shida muna tare, ka taɓa tambayata ina nake kai nawa?"

Wallahi ban taɓa ba. Na san kuɗin haya, na san na wuta da na ruwa, na san nawa mai aboboya yake karɓa ya kwashe mana bola. Amma abin da ke faruwa a ɗakina duk wata, ban san inda yake ƙarewa ba.

Ita ce ta warware min yadda abin ya canza. A da, can gida, ƙunzugun tsumma iyayenmu suke yi, a wanke, a shanya a bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa. Wanda ya tsufa a jefa a masai na rami ko a haƙa ƙasa a binne. Yanzu muna zaune a gidan da siminti ya shafe ko'ina, babu taki ɗaya na ƙasar haƙawa, masai kuma na bututu ne. Kayan sun canza, gidajen sun canza, amma wurin zubarwa ba wanda ya tanada. Ga kuma tsoron da mata da yawa suke da shi, kada abin da ya taɓa jikinsu ya faɗa hannun masu tsafi. Ba zan tsaya gardama a kan wannan ba. Mai wannan tsoron da marar shi duk abu ɗaya suke nema: wurin da za a jefa a rufe, ba wanda ya gani, ba wanda ya tona.

Dalilin da masai yake toshewa kuwa a fili yake. A cikin famfas, da yawancin audugar mata, akwai wani gari da aikinsa shi ne ya sha ruwa ya kumbura ya koma kamar kamu. Bayansu kuma leda ce. In kana shakka, ɗauki sabon famfas ka zuba masa kofin ruwa ka ga yadda zai yi nauyi. Takardar bayi narkewa take a ruwa, waɗannan ba sa narkewa. Suna shiga bututu su cika shi. Wanda aka wurga a kwata kuma ya haɗu da ledoji ya tare hanyar ruwa. Mu mazauna Akara ba sai an ba mu labarin toshewar magudana ba. Ba mu manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a Circle, aka rasa rayuka kusan 150. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Washegari na rufe rumfa da wuri na nufi wajen masu kayan roba a Makola. Kada wani ya ce talla nake yi, ni ba kwando nake sayarwa ba. Iri uku na tarar.

Na farko shi ne mai murfin lilo, wanda ake turawa da hannu ya koma da kansa. Ya fi arha, amma ban ba ku shawararsa ga ban ɗaki ba. Duk abin da za a jefa sai ya gogi murfin, hannu ma sai ya taɓa. Kwana biyu murfin ya zama shi ne mafi ƙazanta a gidan, kuma kowa shi zai dafa.

Na biyu shi ne mai feda. Ka taka da ƙafa, wani siririn ƙarfe da ya bi ta ƙasa ya haura ta baya ya ɗaga murfi, ka ɗauke ƙafa ya rufe. Ba batir, ba wuta. Ana danganta ƙirƙirarsa ga wata injiniya Ba'amurkiya, Lillian Gilbreth, wadda ta rasu a 1972. Da na ji cewa 'ya'ya 12 ta haifa, sai na ce ba mamaki. Wadda ta riƙe jariri a hannu ɗaya da ƙazantarsa a ɗayan ita ce za ta tuna cewa ƙafa tana zaune ba aikin yi.

Na uku shi ne mai ido, irin wanda ake gani a manyan otal da filayen jirgi. Yana da wata 'yar na'ura a gaba mai fitar da hasken da idon mutum ba ya gani. Ka kawo hannu kusa, hasken ya dawo mata, ƙaramin inji ya ɗaga murfi, bayan 'yan sakanni ya rufe. Abin sha'awa ne, har na tsaya ina ta miƙa hannu kamar yaro. Amma na yi lissafin ɗan kasuwa. Kuɗinsa ya ninka na mai feda sau da yawa. Batir yake ci. Ban ɗakinmu da bokiti ake wanka, ruwa yana fantsama ko'ina, na'ura kuwa ba ta shiri da laima. Ranar da batir ya mutu, da hannu za a buɗe shi, an koma gidan jiya. Wanda ke da ban ɗaki a cikin ɗakinsa, busasshe, ko mai jinyar tsohon da ba ya iya tsayuwa a ƙafa ɗaya ya taka feda, to mai ido zai yi masa amfani. Gidan yawa dai, mai feda.

Me ya sa ake ta maganar kada hannu ya taɓa? Ku bi hannun uwar yara da ido na minti goma. Ta cire wa yaro famfas mai kashi, ta ɗaga murfin shara, wani ya zo bayanta ya ɗaga murfin nan, ya je ya ɗauki moɗa a randa ko ya tsoma hannu a kwanon da mutum biyar suke ci. Cututtukan gudawa, da taifot, da kwalara, hanyarsu ke nan, daga bayan gida zuwa hannu zuwa baki. A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Ghana, sama da 200 suka mutu, kuma Akara ce ta fi jin jiki. Ban ce kwando shi kaɗai zai hana kwalara ba, akwai maganar ruwan sha da ta abinci. Amma ƙofa ɗaya ce ka rufe, da kuɗi kaɗan. Kuma feda ba ta ɗauke wa kowa wanke hannu ba. Sabulu da ruwa, a cuɗa aƙalla sakan 20, har tsakanin yatsu.

Ga abin da na koya, wani a wajen uwargida, wani da kuɗina.

In za ka saya, taka fedar sau goma a gaban mai kaya. Juya kwandon ka duba sandar da ke ɗaga murfi. In roba ce, ajiye, nemi mai ƙarfe. Na farkon da na saya mai roba ne, yaran gida suka mai da shi abin wasa, wata biyu bai cika ba ya karye. Nemi mai ƙaramin bokiti a ciki wanda ake cirowa. Kada ka ɗauki babba don ka ga kuɗin kusan ɗaya ne. Mai lita biyar zuwa goma ya isa ban ɗaki, domin babba yana sa a bar shara ta kwana uku, kuma da zafin garuruwanmu kun san abin da zai biyo baya. A duba murfin ya zauna daram, ba kafar da ƙuda ko kyankyaso zai bi.

A shimfiɗa leda a ciki kullum. Audugar da aka cire a naɗe ta a takardar sabuwar ko a tsohuwar jarida kafin a jefa. Famfas mai kashi a fara karkaɗe kashin a masai, sannan a naɗe a manne. Haka ma na manya, ga masu jinyar iyaye. A ɗaure bakin ledar a fitar kowace rana. Sau ɗaya a mako a wanke bokitin da ruwan bilic, wanda mutanen ƙasashen Faransanci suke kira jabel, a shanya a rana. Reza da allurar masu ciwon suga kada su shiga ledar nan, a tara su a gwangwani mai murfi, domin mai kwasar bola shi ma ɗan wani ne, kuma sau da yawa da hannu tsirara yake aiki. Masu ƙonawa da dare a bayan ɗaki, ku yi haƙuri ku bari. Hayaƙin leda ne, kuma ɗakunan da yara suke barci yake shiga.

Sayen kwando shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne wa zai fitar. A gidanmu sai da na bi mazan ɗaki-ɗaki, muka haɗa kuɗi muka sayi biyu, da durom mai murfi, muka kuma janye bencin shayi daga ƙofa. Matan suka tsara a tsakaninsu, kowane ɗaki mako guda, ledoji kuma daga kuɗin da muke tarawa na wuta. Wani maƙwabcina ya ce wannan ba maganar maza ba ce, abin kunya ne. Na ce masa, "Alhaji, Ahalari da muka karanta a zaure muna yara, ba akwai fasalin haila da na biƙi a ciki ba? Malamai ba su ji kunyar rubutawa ba, mu ne za mu ji kunyar sayen kwando?" Ya yi dariya ya miƙo nasa kason. Abin da muka kashe gaba ɗaya bai kai abin da mai gyaran famfo ya karɓa a zuwa ɗaya ba. Yau wata biyar bai sake taka gidan ba.

Ban ce komai ya gyaru ba. Akwai ɗakin da in makonsu ya zo sai an tuna musu. Matar da ta yi wa 'yata gori har yau ba ta ba da haƙuri ba, gaisuwa dai ake yi. Amma yarinyar ta koma cin abincinta, tana fita makaranta ba ta sunkuyar da kai a tsakar gida.

Maganar ba ta tsaya a gida ba. A 2025 gwamnatin Ghana ta fara raba audugar mata kyauta ga 'yan mata a makarantun gwamnati. Abu ne mai kyau, amma duk audugar da aka raba sai an yi amfani da ita, kuma sai ta sami inda za ta je. Ku da kuke cikin kwamitin Islamiyya, ku leƙa ban ɗakin 'yan mata ku gani ko akwai kwando. Haka ɓangaren mata a masallatan Juma'a, da ban ɗakin kasuwa inda matanmu masu abinci suke yini tun asuba. In ana tara kuɗin kafet da fanka, a sa wannan a lissafi. Duniya ta ware ranar 28 ga Mayu don tsaftar al'adar mata, amma ba sai mun jira ta zagayo ba.

Kai maigida da ke karanta wannan a rumfa, yau in ka koma gida kada ka tara kowa ka yi lacca, kada kuma ka tambayi 'yarka komai. Shiga ban ɗaki ka duba kusurwa. In babu, gobe ka saya, ka ajiye, ka sa ledoji a gefe, ka fita abinka. Za su gane.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare mana iyali.